Baba Rula da Layukan da Ya Goge

A makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan tashar mota, duk wadda ta taɓa shiga ofishin akawu ta san abu biyu: ba a jingina da teburinsa, ba a kuma miƙa masa takarda mai lanƙwasasshen kunne. Ɗalibai ne suka raɗa masa Baba Rula, saboda rular ƙarfe da ke leƙowa daga aljihun rigarsa tun ranar da ya kama aiki, shekara ashirin da shida ke nan. Da ita yake ja layi, da ita yake yanke takarda, da ita yake nuna wa mutum ƙofa in ya cika shi da surutu. Ya san da sunan, yana dai yi kamar bai sani ba. Matarsa kuwa ta ce ranar da ya fara jin sa, ya dawo gida bakinsa har kunne.

Gajere ne, mai tsabta har ta so ta yi yawa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, kallo kawai yake yi wa takardarka ta saman tabarau har sai ka ji kunya ta kama ka ba ka san laifinka ba. Abin da ya tsana a duniya shi ne wurin da aka bari fayau babu komai. In fom ya zo hannunsa da gurbin da ba a cike ba, sai ya rubuta "babu" a ciki da ƙaramin rubutunsa, sannan hankalinsa ya kwanta. A gida ma haka yake. Ya taɓa auna tazarar hotunan da ke bangon falo, ya tarar ɗaya ya kauce da rabin inci, bai ci abincin rana ba sai da ya cire ƙusa ya sake kafa ta. Matarsa ta daɗe da sallamawa. In ya fara, sai ta ce, "Malam, in ka gama da bangon ka zo ka auna ni, ina jin ni ma na karkace."

Mutum ɗaya ce a duk makarantar ba ta san wani Baba Rula ba, ita ce shugabar kicin, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma ta ba shi. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta jiyo ana neman akawu ta tura shi da wankakkiyar riga, don haka har yau, da furfurarsa da komai, Auta take kiransa. Daga ƙofar kicin za ta ƙwala murya ta ratsa filin makaranta, "Auta! Ka karya kuwa?" 'Yan mata su riƙa toshe baki. Ita kaɗai ke shiga ofishinsa ta jingina da tebur, ta dafa takardunsa da hannu mai maiƙo, shi kuma ya bi wurin da ido yana haɗiye magana. Ɗalibai Inna suke ce mata.

Inna tana ciyar da yara ɗari huɗu da 'yan kai sau uku a rana, amma ba su ne ke hana ta sakat ba. Akwai wasu sittin da uku da ake kira masu kwanon likita. Wasu jininsu ne bai isa ba, an ce a ƙara musu ƙwai ko madara. Wasu kuma akwai abin da in ya shiga bakinsu sai jiki ya kumbura ko numfashi ya ɗauke. Su waɗannan ba sa bin layin kowa, kwanonsu daban ake zubawa, kowane da lambarsa. Mutum zai ce ai yarinya ta san abin da ba ta ci. To, wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin 'yar shekara goma sha ɗaya a makon farko na makarantar kwana ba, kuma bai san cewa madarar da aka dama a shayi ba ta ɗaga hannu ta ce ga ni. Shekara talatin da ɗaya Inna tana wannan aiki, ba a taɓa ɗaukar yarinya ranga-ranga daga ɗakin cin abinci saboda tukunyarta ba. Ba ta da gida nata na kanta, ba ta da mota, wannan shi ne abin alfaharinta.

A da, kati take ajiye wa kowace yarinya a cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Karatun Inna bai yi nisa ba, saboda haka ta ƙirƙiro tata dabarar: sai ta ja layi a tsakiyar katin, abin da ke sama a ƙara, abin da ke ƙasa a hana. Da aka kawo kwamfuta shekara goma sha biyu da suka wuce, nas ɗin makaranta ta zauna ta kwashe katunan cikin rumbun bayanan ɗalibai. Wurin rubuta bayani gida ɗaya ne tak, babu yadda za a ja layi a ciki, sai ta riƙa barin layi guda babu komai a madadinsa. Yarinyar da ba a ƙara mata komai, hani kawai gare ta, sai nas ta fara sauka layi tukuna, ta bar saman fayau, sannan ta rubuta a ƙasa. Kowace nas in za ta bar aiki takan faɗa wa mai gadonta da baki. Ba a rubuta wannan ƙa'ida a ko'ina ba, katunan kuma gara ta yi biki da su a sito. Inna ba ta damu ba, don duk suna kanta. Akawu bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba. A wurinsa kicin wuri ne da ake fitowa da hayaƙi da takardu masu tabo.

A bana idon Inna ya gaza. Yanar ido ta rufe mata gani har ta fara gane yara da murya, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ita da hayaƙi sun yi sallama ke nan. Aka ɗauko sabuwar kuku daga wani otal, mace mai takardar shaida da farar hula, wadda ba ta san fuskar ko yarinya ɗaya ba. Shugabar makaranta ta kira akawu ana saura kwana shida a dawo hutu.

"Malam, ka fitar mini da sunayen masu kwanon likita daga tsohuwar kwamfutar nan zuwa jadawali, a buga a manna a kicin. Ran Lahadi yara za su dawo, ran Litinin da safe sabuwar kuku za ta fara. Ba ta da abin dogaro sai takardarka."

"Ranki ya daɗe, an gama," in ji shi, yana gyara zaman rular a aljihu. A ransa har ya ga takardar: fara tas, sahu-sahu, irin wadda yayarsa ba ta taɓa mallaka ba a shekara talatin da ɗaya.

Ran Talata da safe ya zauna, ya yi bismilla, ya danna inda aka rubuta a fitar. Ya buɗe sabon fayil ɗin, jadawali mai gidaje-gidaje, inda ya kamata kowace yarinya ta samu sahunta guda: gidan lamba, gidan suna, gidan aji, gidan bayani. Abin da ya gani ya sa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yara sittin da uku sun zama sahu ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ga Kifi a gidan suna, ya zauna daram ba aji ba lamba. Ga Madara a ƙarƙashinsa, ga Wake, tsakaninsu kuma sahu-sahu babu komai, fayau, suna kallonsa. Ya rufe, ya sake fitarwa, wai ko na'urar za ta ji kunya ta gyara. Ba ta ji ba.

Sai da ya yi awa biyu yana kokawa da girman kansa kafin ya aika a kira malamar kwamfuta, wadda ta shigo makaranta a hutun don gyara ɗakin karatunta. Ta zo da goyo a baya, ta leƙa, ta yi dariya, abin da ba a yi a wannan ofis.

"Baba, ai ba wani abu ba ne. Ita na'urar duk inda aka sauka layi ɗauka take an gama da wannan yarinya an shiga wata. Nas-nas ɗin nan kuma layi-layi suke rubutu. Ka ga wannan ɗan akwatin? In ka sa masa alama, sai ta ɗaure kowane bayani tsakanin alamar zance, ta san ƙunshi ɗaya ne, komai yawan layukan da ke ciki."

Ta sa alamar, ta danna, ta buɗe. Sahu sittin da uku cif, kowane bayani a gidansa da layukansa yadda aka rubuta su. Duk aikin bai kai minti biyu ba, jaririn ko motsi bai yi ba. Akawu ya yi godiya ta dattako, ya raka ta har ƙofa.

Ya dawo ya zauna ya ƙura wa jadawalin ido, ransa yana ƙara ɓaci. Daidai ne, ba ya musu. Amma wani sahun siriri, wani mai tsawon layi biyar. Wani gidan rubutun ya maƙale a ƙasa, samansa fayau kamar an manta da shi. Wani da rami a tsakiya. Wannan ne zai manna a bango, baƙuwa daga otal ta gani ta ce aikin akawun makarantar ke nan? Ya yanke hukunci cewa malamar ta rufe ciwo ne kawai ba ta warkar ba, kuma shi mutum ne mai gyara abu daga tushe. Ya goge fayil ɗinta. Ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar, don kullum sai ya zubar kafin ya tashi, kamar yadda yake zubar da na ƙarƙashin tebur.

Daga nan ya shiga cikin rumbun bayanan kansa, yarinya bayan yarinya. Ya haɗe layuka, ya sa waƙafi a tsakaninsu, ya share duk layin da ba komai, na tsakiya da na sama. Kwana biyu da rabi yana wannan aiki, kuma gaskiya ita ce bai taɓa jin daɗin aiki kamar haka ba. Har waƙa masinja ya ji yana yi ƙasa-ƙasa. Kowane gurbin da ya toshe, sai ya ji kamar ya cire tsakuwa daga takalmi. Da ya sake fitarwa ran Alhamis da la'asar, sahu sittin da uku suka jeru kansu ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da gashi. Ran Juma'a ya buga, ya sa aka lulluɓe takardar da leda, ya je kicin da kansa ya auna tsakiyar bango ya manna. Sabuwar kuku ta tsaya ta duba ta ce ko a otal ba ta ga mai kyan wannan ba. Ya ce, "Ɗan abin da aka saba ne," ya fita yana taka ƙasa a hankali.

An yi wa Inna aiki ran Alhamis ɗin. Ya je asibiti, ya kuma leƙa ta ran Asabar tana barci, sai ran Lahadi bayan azahar ya same ta a farke a ɗakin 'yarta, zaune a katifa an jingina ta da filo uku, ido ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan kuma dama sai a hankali. Ya gaishe ta, ya ajiye lemo, sannan ya zaro kwafin takardar daga ambulan. Don ita ya zo, ba shakka, amma takardar ma ta samu gurbi a zuwan.

"Yaya, ga aikinki na shekara talatin a shafi biyu. Da kina gani da kin sha mamaki."

"To tunda ba na gani, karanta mini in sha."

Ya gyara murya. Ya karanta lamba ta farko da suna, ya ce, "Ƙwai, madara, kifi."

"Ƙwai da madara sama, kifi ƙasa. Ci gaba."

Bai gane ba, amma ya ci gaba. Ya karanta ta biyu. "Wake."

"Ƙasa. Wannan ko ƙanshinsa ta ji sai ta yi ta susa. Me ya sa ba ka faɗin sama da ƙasan? Sai ni zan riƙa faɗa maka?"

"Wane sama, Yaya?"

Inna ta juyo da fuskarta inda muryarsa take. "Auta, a takardar taka, ina ramin?"

"Wane rami?"

"Layin da ba komai. Wanda ya raba abin da za a ƙara da abin da za a hana."

Akawu ya dubi takardarsa, fara tas, sahu-sahu. Ya sake karanta sahu na biyu a zuci: lamba, suna, aji, wake. A saman gidan, da hannunsa ya rubuta kan magana da manyan baƙaƙe, ABINCIN LIKITA. Duk mai hankalin da ya karanta wannan, wake zai zuba wa yarinyar, ya ƙara mata da ludayi guda don lada. Gumi ya keto masa tun daga ƙeya.

"Na... na gyara su, Yaya. Na ɗauka sakaci ne irin na nas-nas."

"Ka gyara." Ta maimaita, sannan ta ce, "A takardar kawai, ko har a cikin na'urar?"

Ya ce, "Har a ciki, Yaya." Ya jira ta yi masa tas, har ya sunkuyar da kai ya shirya. Da ta yi faɗan ma da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta laluba ta gyara filonta ta ce, "Tun kana rarrafe, in na share ɗaki sai ka bi bayana kana tsince abin da ban ce a tsince ba. Ɗauko biro. Juya bayan takardar, ka raba ta biyu. Ai kana da abin ja layi, ban taɓa ganin ka fita ba shi ba."

Haka suka zauna har la'asar ta yi sanyi. Shi ya karanta lamba da suna, ita ta faɗi sama da ƙasa, kuma ba ta iya faɗa a taƙaice ba, sai ta haɗa da tarihi. Wannan ita ce doguwar nan mai wushirya, madara sama, amma a tsaya a kanta don bayarwa take yi. Waɗannan tagwaye ne, ɗaya ce ba ta cin kifi, kada a yarda su yi musanyar kwano, sun iya. Wannan ƙwai ƙasa, ubanta ya taɓa zuwa har kicin ya durƙusa yana roƙo a kula. Akawu yana rubutawa, rubutun yana hawa yana sauka, bai ko lura ba. Shekara ashirin da shida yana buga sunayen yaran nan, yau ne ya fara jin cewa suna da wuya da ciki da iyaye. Kunya ta ishe shi, tare da wata girmamawa ga matar nan da ya daɗe yana goge tabon hannunta daga takardunsa.

Hamsin da huɗu ta kawo ba ta yi tuntuɓe ba. Sauran tara sababbin ɗauka ne, ba su taɓa cin abincinta ba.

"Waɗannan ban san su ba. Iyayensu ba su cike fom ba?"

Nan dai halinsa ya yi masa rana. Ya hau babur ɗin haya ya koma makaranta, ya ratsa ta cikin iyaye da akwatuna da yara masu kuka a bakin ƙofa, ya buɗe ofis. Fom ɗin suna inda ya ajiye su, a jere bisa lamba. Takwas ya samu, kowane da bayanin iyaye dalla-dalla. Na taran, gurbin lafiya ba a cike shi ba. Ga ma "babu" nan da ya rubuta da ƙaramin rubutunsa. Uban yarinyar ya zo ne a makon ƙarshe kafin hutu, ya yi wa nas bayani da baki, ita kuma ta shigar kai tsaye. Abin da ya rage a gidan bayaninta na jadawalin kalma ɗaya ce: gyaɗa. Ko akwai layi fayau a samanta ranar Talata, ya yi ta matsa ƙwaƙwalwarsa, bai tuna ba. Ya goge da yawa.

Ya kira nas, tana hutun haihuwa a garinsu, wayar a kashe. Ya kira lambar uban sau bakwai, ba ta shiga. Ya aika ɗakin kwana, aka ce yarinyar ba ta iso ba tukuna, motarsu daga nesa take. Ya kira yayarsa.

"Saura ɗaya, Yaya. Gyaɗa."

"Ana ƙara wa wasu gyaɗa, masu rama. Ana kuma hana wasu." Muryarta ta yi ƙasa. "Ban san ta ba, Auta. Wadda ba ka sani ba, kada ka ba ta. Ka ji ni?"

"Na ji."

Kafin magariba ya sa maigadi ya buɗe masa kicin, ya ɓamɓare kyakkyawar takardarsa daga bango, ya ninke ta huɗu ba tare da ya daidaita kunnuwan ba. Ya koma ofis ya yi sabon jadawali mai gida biyu, ɗaya A ƘARA, ɗaya A HANA, kowane abinci a layinsa. Sahun suka fito wani gajere wani dogo. Ya buga, ya kau da kai, ya sa a ambulan. Ya tafi gida da nufin ya riga kuku isa kicin da safe, ya miƙa mata hannu da hannu.

Bai san mutanen otal ba. Ƙarfe shida da kwata ya iso, ya tarar wuta ta daɗe da kamawa, shayi yana tururi, kuma a kan dogon teburin da ke gefe kwano sittin da uku a jere, kowane da lambarsa, kowane an rufe shi. Jerin ya yi kyau ƙwarai, a wata ranar da ya yaba.

"Hajiya, da me kika zuba waɗannan? Na cire takardar jiya!"

"Na ga an cire, na ce ko yara ne. Ai tun ran Juma'a na ɗauke ta a waya." Ta nuna masa, tana murmushin wadda ta iya aikinta. Ga takardarsa nan a fuskar wayar, fara tas.

Bai san ya iya magana da sauri haka ba. Ya yi bayani a tsaye, ya faɗi laifinsa da bakinsa a gaban masu wanke-wanke uku, bai rage komai ba. Kuku ta fara da ɓata rai, tana cewa ita ba a yi mata haka a inda ta fito, amma da ta karɓi sabuwar takardar ta haɗa sahu biyu da kwanonsu, sai ta ajiye maganar otal ta ɗaure zani. Shi yana karantawa, ita tana buɗe murfi. Wannan a sauke. Wannan daidai. Wannan a zubar da shayin, a wanke kofin da sabulu, a sake. Kwano ashirin da biyu suka sauke. Ana ta buga ƙararrawa suna kan na ƙarshe-ƙarshe, rigar akawu ta sha shayi har aljihu, yara sun fara shigowa suna kallon Baba Rula da murfin kwano a hannu kamar sun ga shugaba tana shara.

Kwano ɗaya ya riƙe bai bari an ajiye ba. Burodi ne a ciki, an shafe shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai kauri, kuku ba ta yi rowa ba. Ya tsaya a bakin teburin yana kiran lambar, har wata 'yar ƙarama ta fito daga ƙarshen layi. Rigar makarantar ta yi mata yawa, an naɗe hannun sau biyu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, ke ce mai wannan lambar?"

"Ni ce, Baba."

"Kina cin gyaɗa?"

Ta dubi kwanon, ta dubi kuku mai farar hula, ta dubi ɗakin da ya cika da manyan yara. "In na likita ne zan ci, Baba. Mamata ta ce in na zo kada in yi gardama da manya."

"Ba gardama ba ce. In kin ci, me yake faruwa?"

Ta ɗora yatsa a maƙogwaronta. "Nan ne yake rufewa. Amma in an kai ni asibiti da wuri yana buɗewa." Ta miƙo hannu biyu, da ladabi, don ta karɓi kwanonta.

Akawu ya ɗaga kwanon sama da kansa, kamar yarinyar za ta yi tsalle ta ƙwace. Kuku ce ta zo ta karɓe shi daga hannunsa, ta ja yarinyar gefe ta yanka mata sabon burodi da wata wuƙar daban. Ya fita ta ƙofar baya ya zauna a kan dakalin da ake wanke tukwane, a jiƙe yake, bai duba ba. Sai a lokacin tsoron ya kama shi sosai, bayan komai ya wuce. Ya laluba waya da ƙyar. Bugu ɗaya ta ɗauka, da alama tun asuba wayar tana hannunta.

"Ƙasa ne, Yaya."

"Ta ci?"

"Ba ta ci ba."

Numfashinta ya fara ji, sannan ya gane kuka take yi. Daga nesa yana jin 'yarta tana cewa, "Inna, likita fa ya hana, za ki ɓata aikin!" Ya buɗe baki don shi ma ya hana ta, sai nasa kukan ya ƙwace masa. Ya zauna da wayar a kunne, ruwan dakalin yana ratsa wandonsa, suna yi tare.